Asali da Ƙari: Lacca a kan Zaɓen Sabuwar Kwamfutar Tebur

   

Maudu'in da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne yadda mutum zai zaɓi sifofi da kayan ƙari yayin da ya ƙudurta sayen sabuwar kwamfutar tebur, wato irin wadda ake girkewa a ofis ko a shago ko a makaranta, saɓanin ta tafi-da-gidanka da ake ratayawa a jaka. Watakila wani ya ga kamar al'amarin bai kai a tara dattawa da malamai dominsa ba. Amma duk wanda ya san cewa tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin kayan da ake shigowa da su daga waje ya yi tashin gwauron zabo, kuma ya san cewa kwamfutar da shugaban makaranta zai saya da kuɗin iyayen yara, ko wadda ma'aji zai saya da kuɗin ƙungiya, amana ce da za a tambaye shi a kanta gobe, to, zai yarda da ni cewa sanin abin da ake saye wajibi ne a kan mai saye, kamar yadda malamanmu na fiƙihu suka wajabta wa ɗan kasuwa sanin hukuncin ciniki tun kafin ya zauna a rumfa.

Zan fara da ɗan tarihi, domin a cikinsa hujjata take. A watan Agustan 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutar da ta zama kakar mafi yawan waɗanda ke kan teburanmu yau. Furosesarta ta kamfanin Intel ce, mai lamba 8088, tana tafiya a kan megahaz 4.77, kuma mafi ƙanƙantar samfurinta kilobait 16 kacal gare shi na ƙwaƙwalwar aiki, abin da a yau bai isa ya ɗauki hoto guda na wayar hannu ba. Abin da ya ba ta yawan zuriya shi ne gurabe biyar da maƙeranta suka bari a fili a kan babban allonta, inda mai ita zai iya soka katin da ya ga dama daga baya, ko da wani kamfani ne dabam ya ƙera shi. A 1995 kuma Intel ya fitar da ma'aunin da ake kira ATX, wanda ya daidaita girman babban allo da na akwati da mahaɗan wuta, har kayan kamfanoni daban-daban suka zama suna zama lafiya cikin akwati guda. Falalar kwamfutar tebur ke nan a kan 'yan'uwanta: ana buɗe ta, ana ƙara mata, ana musanya abin da ya gaza.

Daga nan na raba kayan cikinta gida biyu. Akwai asali, wato abin da idan an saya an saya ke nan, wanda canza shi ya kusa zama daidai da sayen wata kwamfutar: furosesa, da babban allo da masu gyara ke kira madabod, da girman akwatin kansa, na kuma haɗa da akwatin wuta saboda dalilin da zan ambata. Akwai kuma ƙari, wato abin da za a iya haɓakawa baɗi ko baɗin baɗaɗa in Allah ya hore: ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, da faifan ajiya, da katin hoto, da allon kallo. Ra'ayina shi ne mai ƙaramin ƙarfi ya zuba kuɗinsa a kan asali, ya jinkirta ƙari. Abin damuwa kuwa shi ne kasuwa ta saba jan hankalin mai saye zuwa ga akasin haka, saboda lambobin ƙari su ne manya, su ne masu daɗin faɗi, su ne kuma ake rubutawa da manyan haruffa a jikin kwali.

Amma kafin a je kasuwa, sai mutum ya zauna ya tambayi kansa aikin da zai yi, domin niyya ce ke gaban kowane aiki. Mai shagon buga takardu, da magatakardan makaranta mai haɗa sakamakon jarrabawa, da malamin da ke bincike cikin littattafai yana rubuta darasi, da cibiyar da ke horar da yara domin jarrabawar JAMB ta kwamfuta, duk waɗannan buƙatarsu ɗaya ce, kuma ba ta da nauyi. Mai tace fim a Kano, da injiniya mai zanen gini da AutoCAD, da mai ɗab'in manyan alluna, su ne masu buƙata mai nauyi, kuma su kaɗan ne a cikinmu. Wanda ya sayi kwamfutar mai tace fim alhali wasiƙu zai rubuta ya yi israfi. Wanda ya sayi ta magatakarda alhali fim zai tace ya yi ƙauro, ya cuci sana'arsa, ya kuma ɓata lokacin mutanen da ke jiran aikinsu. Shari'a ta hana duka biyun, hankali ma bai yarda da ko ɗaya ba.

Yanzu sai furosesa, wadda ita ce mai yin lissafin duk abin da kwamfuta ke yi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne aka fi yi wa mutanenmu rufa-ido. Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan fage, Intel da AMD. Intel ya jera nasa Core i3, da i5, da i7, da i9. AMD kuma, tun daga 2017, ya jera nasa Ryzen 3, da 5, da 7, da 9. Mutum zai shiga shago, a Titin Beirut da ke Kano ne, ko a Banex ta Abuja, ko a Computer Village ta Ikeja, sai a ce masa wannan i7 ce, shi kuwa da yake ya ji cewa bakwai ta fi uku, sai hankalinsa ya kwanta, bai san cewa rabin labari aka ba shi ba. Ɗaya rabin shi ne tsara, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan, kuma a rubuce take cikin lambar da ke bin sunan. Idan ka ga i7-4770, lamba 4 da ke farko tana nuna tsara ta huɗu ce, ta shekarar 2013. Idan ka ga i3-12100, lamba 12 tana nuna tsara ta goma sha biyu ce, ta farkon 2022. Kowacensu cibiyar lissafi huɗu gare ta, amma ƙaramar ta bayan nan ta fi babbar ta dā sauri nesa ba kusa ba, saboda shekara tara na ci gaban ƙira suna tsakaninsu. Don haka duk wanda aka ce masa i5 ko i7 aka yi shiru, sai ya ce, “Alhaji, karanta mini cikakkiyar lambar,” kuma kada ya ji nauyin faɗin haka, domin haƙƙinsa ne.

Wannan magana ta tsara ta ƙara nauyi saboda wani dalili. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11 a watan Oktoban 2021, ya kuma sanya mata sharuɗɗa, daga ciki akwai wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma cewa furosesar Intel ta kasance, a galibi, daga tsara ta takwas zuwa sama, ta AMD kuma daga jerin Ryzen 2000 zuwa sama. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kuwa ita ce ranar da ya sanya domin daina kula da Windows 10 ga gama-garin jama'a. Ma'anar wannan ita ce kwamfutar da ke ƙasa da wannan iyaka, komai kyan fentinta, komai sabuntar kwalinta, an riga an rufe mata ƙofar hawa Windows 11 ta hanyar da kamfanin ya amince da ita, sai fa in mai ita zai koma ga Linux, irin su Ubuntu, wadda kyauta ce kuma halal, amma tana son a koye ta. Ban ce kayan hannu, wanda ake kira tokumbo, haramun ne ba. Yana da ranarsa ga wanda ya san abin da yake saye. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mutum tsoho da sunan sabo.

Ga magatakarda da ire-irensa, i3 ko Ryzen 3 na tsarar kwanan nan ya wadatar. Wanda ke son kwanciyar hankali ta shekaru masu yawa ya hau zuwa i5 ko Ryzen 5, irin i5-12400 ko Ryzen 5 5600G, masu cibiya shida kowanne, kuma a ganina nan ne tsakiyar da mafi yawanmu ya kamata su tsaya. A lura da haruffan da ke ƙarshen lamba. Furosesar Intel mai harafin F ba ta da sashen nuna hoto a cikinta, dole sai an saya mata katin hoto dabam, in ba haka ba allo ba zai nuna komai ba; a jerin Ryzen 5000 kuma masu harafin G ne ke ɗauke da wannan sashe. Harafi guda yana iya jawo wa mutum kashe kuɗin da bai shirya ba.

Babban allo shi ne wanda ba a tambaya a kansa, alhali shi ke yanke hukuncin abin da kwamfuta za ta iya zama nan gaba. A kansa akwai gurbin da furosesa ke zama, kuma kowane gurbi yana da tsararrakin da yake karɓa: gurbin Intel mai suna LGA1700 yana karɓar tsara ta 12 da ta 13 da ta 14, daga nan aka canza shi, gurbin AMD mai suna AM4 ya daɗe ƙwarai, ya ɗauki Ryzen tun daga na farko har zuwa jerin 5000, kafin AM5 ya gaje shi a 2022. Tambayoyin da mai saye zai yi a nan ba su da wuya: gurabe nawa ne na ram, biyu ko huɗu, kuma nawa ne a fili? Akwai gurbin M.2 na faifan ajiya na zamani, ɗaya ne ko biyu? Akwai dogon gurbin da katin hoto ke shiga? Sannan a dubi akwatin. Manyan kamfanoni irin Dell da HP da Lenovo suna yin siraran akwatuna na ofis masu kyan gani da ƙarancin cin wuri, kuma ƙirarsu tana da ƙarko. Sai dai da yawa daga cikinsu suna amfani da akwatin wuta da mahaɗai na kansu waɗanda ba su bi ma'aunin ATX ba, kuma cikakken katin hoto ba ya samun wurin zama a ciki. Wanda ya san ba zai taɓa buƙatar katin ba, babu laifi ya saya. Wanda ke da burin haɓakawa, ya nemi dogon akwati na gama-gari. Haka nan kwamfutocin Apple, irin Mac mini, tun da suka koma furosesar kansu ta M1 a 2020, ƙwaƙwalwar aikinsu a manne take da furosesa, ba a ƙara ta bayan saye. A wurinsu ram ya tashi daga ƙari ya koma asali, sai a saye shi da yalwa tun ranar farko.

Da yake na ambaci ram, bari in bambanta shi da faifan ajiya, domin an sha cakuɗa su, tun da duka biyun da gigabait ake auna su. Ku dubi malami a zaurensa: yana da akwatunan littattafai jingine da bango, yana kuma da buzun da yake zaune a kai, inda yake baje littattafan da yake nazari a wannan sa'a. Akwatunan su ne faifan ajiya, buzun shi ne ram. Idan buzun ya yi ƙanƙanta, komai yawan akwatunan, sai malam ya riƙa tashi yana mayar da wani littafi kafin ya ɗauko wani, nazari ya yi ta tsinkewa. Sharaɗin Windows 11 gigabait 4 ne, amma wannan iyakar tashi ce kurum, ba ta aiki ba. Gigabait 8 zai yi wa magatakarda, 16 shi ne abin da nake ba da shawara ga wanda ke buɗe shafukan intanet da yawa tare da wasu manhajoji, 32 kuwa na mai tace fim ne da mai zane. Ram iri biyu ne a kasuwa yanzu, DDR4 da DDR5, kuma ba sa shiga gurbin juna, domin an yanka tsagar kowanne a wuri dabam; allon AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa, allon LGA1700 kuwa akwai mai wannan akwai mai wancan. Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda guda mai 16 saurin aiki, saboda hanya biyu suke bi a lokaci guda, musamman ga kwamfutar da ba ta da katin hoto na dabam; amma idan gurabe biyu ne kacal a allon, kuma aljihu bai kai ba, sayen sanda guda a bar gurbi a fili domin 'yar'uwarta ta zo daga baya dabara ce mai kyau.

Faifan ajiya kuwa, a nan ba ni da sassauci ko kaɗan. Tsohon iri, wanda ake kira HDD, faranti ne na gaske da ke juyawa sau 7,200 a minti guda a mafi yawan na tebur, da allura mai bin sa tana karantawa, kuma da ƙyar yake wuce megabait 200 a daƙiƙa. Sabon iri, SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Wanda ke bin igiyar SATA yana kai wajen megabait 550 a daƙiƙa, wanda ake kira NVMe kuma, mai shiga gurbin M.2, yana kai 3,500, na tsara ta gaba har 7,000. Babu wani canji guda da mai kwamfuta zai ji a jikinsa kamar wannan, tun daga tashinta da safe har zuwa buɗe kowace takarda. Duk da haka za ka ga an jera wa mutum terabait guda na HDD a gefe, gigabait 256 ko 512 na SSD a ɗaya gefen, sai ya zaɓi babbar lamba, ya tafi gida da kwamfuta mai furosesa ta zamani wadda ke jiran faranti ya juyo. A ɗora Windows da manhajoji a kan SSD, 512 in da hali. In daga baya hotuna da finafinai sun yi yawa, a ƙara HDD a matsayin rumbu, wannan shi ne aikin da ya rage masa, kuma yana yin sa da araha. Kada kuma wanda ya sayi terabait guda ya ga Windows ta nuna masa gigabait 931 ya zargi mai shago da tauye mudu. Maƙera suna ƙirga dubu-dubu, Windows tana ƙirga 1,024, bambancin ke nan.

Katin hoto ba zan tsawaita a kansa ba, domin mafi yawan waɗanda ke zaune a nan ba sa buƙatarsa. Sashen hoton da ke cikin furosesa ya isa rubutu da lissafi da kallon bidiyo. Masu tace fim da masu zane su ne za su nemi GeForce na Nvidia ko Radeon na AMD, kuma su sani cewa kati yana zuwa da nasa sharuɗɗan, na wuri da na wuta da na zafi; babba daga cikinsu, irin RTX 4090, shi kaɗai yana iya jan wat 450, alhali kwamfutar ofis gaba ɗayanta ba ta cika kai wat 100 ba a aikin yau da kullum.

Wannan ya kawo ni ga abin da littattafan Turai da Amurka ba sa ba shi muhimmanci, saboda ba damuwarsu ba ce, mu kuwa ita ce babbar damuwarmu, wato wuta da ƙura da zafi. Akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, shi ke karɓar wutar bango mai bolt 230 ya mayar da ita ƙananan ma'aunai, 12 da 5 da 3.3, da kayan ciki ke sha. Na sanya shi cikin asali ne saboda idan ram ya mutu shi kaɗai yake mutuwa, amma idan ƙaramin akwatin wuta marar suna ya ƙone, yakan tafi da babban allo ko faifan ajiya tare da shi, da duk abin da aka tara a ciki. Masu haɗa kwamfuta domin sayarwa kuwa a nan suka fi rage kuɗi, domin sun san ba mai tambaya. A nemi wanda ke da shaidar 80 Plus, wadda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja yana isa ga kwamfuta maimakon ya zama zafi, a kuma bar masa rarar ƙarfi in ana da niyyar ƙara kati. Wasu akwatunan, musamman waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka inda wuta bolt 120 ce, suna da ɗan jan maɓalli a baya mai rubutun 115 da 230. Wanda ya jona irin wannan a wutarmu yana kan 115 ya ƙone shi a take, saboda haka a duba kafin a jona.

Sannan a sanya kuɗin UPS cikin kuɗin kwamfuta tun farko, a ɗauke shi a matsayin wani ɓangare nata. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu a faifai tana iya lalata takarda, tana iya lalata Windows kanta, dawowarta da ƙarfi kuma, ko sauyawa daga Nepa zuwa janareta, tana gajiyar da akwatin wuta. A san cewa lambar da ke jikin UPS ta VA ce, ba ta wat ba: mai 650 bai cika ɗaukar abin da ya kai wat 400 ba, kuma aikinsa ya ba ka 'yan mintoci ka adana aikinka ka kashe cikin natsuwa, batirinsa ma yana tsufa cikin 'yan shekaru, zafi kuma yana gaggauta masa. Inda wuta ke zuwa da rauni a haɗa da sitabilaiza. Wanda ke kan sola da inbata kuwa, kowane wat kuɗi ne a wurinsa, na faranti da na batir, don haka ƙananan kwamfutocin nan masu girman littafi, waɗanda ke cin 'yan gomomin wat kawai, sun cancanci ya dube su, ko da yake ya san ya sayar da wani sashe na damar haɓakawa domin ya sayi sauƙin wuta. Wannan ciniki ne na hankali idan an yi shi da sani.

A Kano da Sakkwato da Maiduguri, haka ma a Yamai da Damagaram, zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, hunturu kuma yana zuwa da ƙurarsa mai laushi wadda ke shiga ko'ina. Furosesa idan ta yi zafi fiye da kima tana rage gudunta da kanta domin ta tsira, sai mai ita ya ɗauka ta tsufa ko cuta ta kama ta, alhali ƙura ce ta toshe fanka. A zaɓi akwati mai hanyar iska gaba da baya, mai ragar tace ƙura da ake iya cirewa a wanke. A ɗora shi a kan tebur ko wani abu mai tsayi, kada a ajiye shi a ƙasa. A hure shi bayan kowane hunturu, a kuma rufe shi da ƙyalle idan an kashe shi ya huce.

Allon kallo ƙari ne, amma idanu ba su da musanya: mai inci 24, mai ma'aunin 1920 da 1080, na irin IPS, ya wadatar da mai karatu da mai rubutu, a dai tabbata mahaɗinsa, HDMI ne ko DisplayPort ko tsohon VGA, ya dace da na kwamfutar. Kwamfutocin tebur da yawa ba sa zuwa da wayfay, mu kuwa galibinmu daga waya ko ƙaramar na'urar kamfanin sadarwa muke jan intanet, sai a tambaya, in babu a sayi ɗan ƙaramin na USB. Ga masu rubutu da harshenmu, haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa buƙatar kibod na musamman, domin Windows tana da tsarin Hausa a cikinta, kunna shi kawai ake yi. Malaman Larabci ne za su amfana da kibod mai haruffan Larabci a rubuce a jikinsa.

Saura maganar cinikin kansa, kuma a nan magabata sun riga mu. Imam Malik a cikin Muwaɗɗa ya yi babi a kan ciniki bisa barnamaj, wato sayen kayan da ke cikin ɗauri ba tare da an kwance shi ba, bisa dogaro da takardar da ta bayyana sifarsa da adadinsa, kuma Ibn Abi Zaid ya kawo mas'alar a Risala da muke karantawa a zaurukanmu. Hukuncin a mazhabarmu shi ne cinikin ya halatta idan sifar sananniya ce, ya lizimci mai saye idan kaya ya fito yadda aka sifanta, in kuwa ya saɓa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Kwamfuta a cikin kwalinta da takardar sifofinta ita ce wannan mas'ala ba ragi ba ƙari. Saboda haka sifa ta zama a rubuce a kan rasit: cikakkiyar lambar furosesa, yawan ram da irinsa, girman faifai da irinsa, lambar jikin na'ura, da tsawon garanti, da kuma wanda zai ɗauki nauyinsa, mai shago ne ko kamfani. Rasit da aka rubuta masa “kwamfuta guda ɗaya” kawai ya bar garari a cikin ciniki, ya kuma bar mai saye ba hujja ranar da aibi ya bayyana. Ina kira ga 'yan'uwana 'yan kasuwa, waɗanda na san da yawansu masu gaskiya ne, su riƙa yin wannan rubutu ko ba a nema ba, domin ɓoye aibi tadlisi ne, kuma albarkar ciniki tana tare da bayyanawa.

Kafin a biya, a kunna na'urar a shagon. A cikin Windows akwai Task Manager, wanda zai nuna sunan furosesa da lambarta, da yawan ram, da gurabe nawa aka cika, da ko faifan SSD ne ko HDD. Akwai kuma ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, wadda ke nuna sa'o'i nawa faifan ya yi a kunne tun da aka ƙera shi. Sabon faifai 'yan sa'o'i kaɗan zai nuna, wanda ya nuna dubbai kuwa ya riga ya yi aiki a wani wuri. Idan ta Dell ce ko HP ko Lenovo, a shigar da lambar jikinta a shafin kamfanin, zai faɗi kayan da ta fito da su daga masana'anta da ranar da garantinta zai ƙare. A duba kuma ko Windows ɗin da ke ciki mai lasisi ce, domin wadda aka fasa, ban da haƙƙin masu ita, sau da yawa takan zo da ɓoyayyun manhajoji masu satar bayanai, kuma kwamfutar da za a adana sakamakon ɗalibai ko lissafin dukiyar mutane a cikinta ba ta dace da wannan kasada ba. Duk wannan bincike bai wuce rubu'in sa'a ba, kuma wanda bai iya ba ya tafi da wanda ya iya, ya biya shi ladan tafiyarsa.

A nan zan dakata, domin a ba masu tambaya dama.